An ce na saci zanen kyarkeci, alhali na canza shi sosai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, shekara biyu ke nan ina zanen katun a waya da manhajar zane ta ibisPaint. Ina cikin wani rukuni na masoya Balto, fim ɗin katun na wani kare, inda kowa yake ƙirƙiro karensa ko kyarkecinsa ya saka shi cikin labarin. Na zana tawa, macen kyarkeci, toka-toka mai farin ƙirji. Ba zan ɓoye maka ba, wani zane na gani a DeviantArt, shafin intanet da masu zane suke saka ayyukansu, ya burge ni na faro daga shi, amma na canza launin ido, na mayar da shuɗin bayanta ja, na ƙara tabo a kunne. Yanzu mai zanen ta turo min saƙo wai ni ɓarauniya ce, za ta sa a rufe min shafi. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Wani yayanmu a rukunin ya ce in kwantar da hankalina, doka ta ce muddin ka canza kashi 30 cikin 100 zane ya zama naka, kuma ya san wanda zai yi min rajista in na biya. Malam, in biya? Sannan yaya zan yi wa kare launin da ba wanda zai ce nasa ne, tunda kamar an riga an cinye launukan duka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ba kowa ko kwabo. Ki sauke zanen nan yau ɗin nan, ki tura wa matar gajeren saƙo: daga zanenta kika faro, kin gane kuskure ne, kin sauke, ta yi haƙuri. Ban da dogon bayani, ban da "ai na canza ido". A shekarun da na yi a wannan sana'a, mai zanen da aka ba haƙuri da wuri ba kasafai yake jan magana ba. Musu ne yake hura wutar.

To, bari in dawo kan yayan naku, don shi ya fi ɓata min rai a duk wasiƙar nan.

Maganar kashi 30 ta ishe ni. Mako ba ya wucewa ban ji ta ba. Wannan ya ce kashi 10 ne, wancan ya ce 20, wani kuma ya rantse cewa abu bakwai ake canzawa. Tun daga nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani: wace irin doka ce kowane mai bidiyo a TikTok yake da tasa lambar? Babu ta a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, babu ta a dokar Amurka inda DeviantArt yake. Duk wanda ya ce miki akwai, ki ce ya buɗe miki sashen, ki sha kallon kame-kame. Kuma da wane mudu za a auna? Kunne kashi nawa ne a jikin kare? Wutsiya fa? In na mayar da ido kore, kashi biyu na ci ko biyar? Abin da alƙali yake dubawa shi ne ko an ɗebi muhimmin ɓangaren aikin wani, ta yadda mutumin da ba masani ba ma zai dubi biyun ya ce wannan daga wancan ya fito. Wanda ya kwance akuyar maƙwabta ya shafa mata shuni a ƙafa, ya rataya mata ƙararrawa, bai zama mai akuya ba. Ranar da ta ji muryar uwar ɗakinta, ita da kanta za ta tona masa asiri.

Bara wani yaro da nake koya wa zane ya kawo min kyarkecinsa, baki har kunne, wai wani Bature ya saya dala 20. Ina kallo jikina ya ba ni na taɓa ganin wannan tsayuwar. Na nemo zanen da nake zargi, na ɗora na yaron a kansa a leya ta biyu, wato shimfiɗa ta sama a manhajar zane, na rage duhunta zuwa rabi. Layin gadon baya ya hau layin gadon baya. Lanƙwasar wutsiya ta zauna daram. Har wani ɗan tsagi a kunnen hagu yana nan, yaron bai ma san ya kwaso shi ba. Abin da ya taɓa kawai shuɗi ne ya koma ruwan goro. Ya dube ni ba ko kunya ya ce, "Malam, ai ya haura kashi 30." Gwajin nan bai ɗauke ni minti biyu ba, kuma duk wanda yake cikin harkar nan ya iya shi. Mai sayen ma ya yi daga baya, ya nemi kuɗinsa, ya jera hotunan biyu kusa da juna kowa ya gani. Sai da yaron ya yar da sunan da ya shekara yana ginawa ya soma da sabo. Wanda ya koya masa ƙa'idar ƙaryar kuwa yana nan yana koya wa wasu, ko gezau.

Abin da masu yaɗa wannan magana ba sa gaya muku shi ne ba ma sai an je gaban alƙali ba. Amurka tana da wata doka tun 1998 da ake kira DMCA, wadda a ƙarƙashinta mai aiki yake tura wa shafin takardar ƙorafi, su kuma su sauke abin don su tsira da kansu. Wanda ƙorafi ya yi ta maimaituwa a kansa, rufe masa asusu ake yi. Babu ma'aikacin da zai zauna da ma'auni yana lissafa miki kashi. Saboda haka barazanar matar nan ba cika baki ba ce.

Batun rajista kuma, damfara ce aka yi wa ado. Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki ne tun lokacin da aka zana shi, ba ya jiran takarda ko hatimi. Haka tsarin yarjejeniyar Berne yake, wadda aka fara ƙullawa a 1886, Najeriya kuma ta shiga a 1993. Hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar rajista ga wanda ya ga dama, amma shaida ce kawai ta cewa ka kawo abu a rana kaza. Ba sabulu ba ce da za ta wanke zanen da aka kwafo. Ƙari a kan haka, duniyar da kika saka kyarkecin naki a ciki ta fim ɗin Balto na 1995 ce, mallakar kamfanin Universal. Me ɗan tsakiyar zai yi miki rajistarsa? Kuɗinki kawai yake hange.

Amma kada tsoro ya kai ki ɗaya gefen. Matar nan ba ta mallaki toka-toka da farin ƙirji ba, kuma ba wanda ya mallaka. Mahayanmu suna da akawal, suna da kili, suna da hurde, ban taɓa jin wani ya kai ƙara don an hau doki mai launin nasa ba. Da a ce iyakar ƙorafinta launi ne, da na ce ki share ta ki yi barcinki. Abin da ya ɗaure ki shi ne inda kika faro: tsayuwarta, layukanta, da yadda ta jera alamominta. Waɗannan nata ne.

Launuka kuwa ba su ƙare ba. Abin da ya faru shi ne kowa a rukunin naku zanen ɗan'uwansa yake kallo, ba mai kallon kare. Ki rufe DeviantArt na mako guda ki koma kan dabbar. Duk launin da kike gani a gashin kare daga sinadari biyu yake: ɗaya yana ba da baƙi, ko ruwan ƙasa, ko toka in ya tsinke, ɗayan yana ba da ja har zuwa ruwan madara. Fari kuma rashin su ne, kuma ba ya faɗowa ko'ina. Ƙwayoyin da ke kai launi daga gadon bayan ɗan tayi suke tasowa su gangaro, sai wuraren da suka makara zuwa su zauna fari: ƙarshen wutsiya, yatsu, ƙirji, tsakiyar fuska. Shi ya sa fari yake hawowa daga ƙafa da ƙirji, kunnuwa kuma su ne kusan na ƙarshe da suke rabuwa da launinsu. In kika sa farin da'ira a tsakiyar baya kika bar ƙafafu baƙi ƙirin, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san dalili ba. Kina iya karya wannan tsari, katun ne, amma ki karya da sani.

Daga nan sai zaɓi. Akwai jan ɗigon saman ido da jan baki da ƙafa irin na karnukan Rottweiler da Doberman. Akwai baƙin sirdi na karen Jamus da 'yan sanda suke yawo da shi. Akwai farar fuskar haski, karen ƙasashen ƙanƙara, mai layi tsakanin ido. Akwai mai ratsi-ratsi, akwai mai dabbare-dabbare kamar an watsa masa tawada, wanda ake kira merle. Shi wannan in za ki rubuta wa dabbarki iyaye, ki sani haɗa irinsa biyu yakan haifar da kurma ko makaho a cikin 'ya'yan. Kyarkecin Turai da Amurka kuma kowane silin gashinsa hawa-hawa ne, duhu da haske, bayansa ya fi duhu, cikinsa ya fi haske. Baƙaƙen da ake gani a Arewacin Amurka ma, binciken da aka buga a 2009 ya nuna daga karen gida suka gaji baƙin. Shi kansa Balto na gaskiya, wanda ya ja keken ƙanƙara ya kai magani garin Nome na Alaska a 1925, baƙin kare ne mai farin ƙirji. Masu fim ne suka mayar da shi ruwa-biyu, rabi kare rabi kyarkeci, mai launin ƙura don labarinsu ya tafi.

Ga kuma wata taska da nake mamakin yadda namu suke tsallake ta suna bin haski. Kalmar kyarkeci da muke fassara wolf na Turawa da ita, asalinta sunan karen dajin Afirka ne, mai manyan kunnuwa zagayayyu, wanda jikinsa facin baƙi ne da rawaya da fari, wutsiyarsa kuma fara a ƙarshe. Ba a samun biyu masu faci iri ɗaya. Sannan ga Azawak, siririn karen Buzaye na ƙasashen Nijar da Mali, ja mai haske da farar safa da farin ƙirji. Ki ɗauki facin wancan ki rage shi zuwa manyan guda uku, ko ki ɗora safar wannan a jikin kyarkecin ƙanƙara, ki ga ko wani zai ce ya riga ki.

Wajen zanawa, launi uku sun isa, sai alama guda ɗaya da ke da dalili a labarin: tabon tarko a ƙafa, ko kunne guda da ya fita daban. Ki tuna za ki zana dabbar nan sau ɗari, ta hagu, ta dama, tana gudu, tana kwance. Ɗigo 40 da kika jera yau da zumuɗi, a zane na biyar za ki tsane su. Ki yi ƙanana guda shida a shafi ɗaya ba tare da buɗe zanen kowa ba, hotunan dabbobin gaske kaɗai a gabanki. Ki mayar da su baƙi da fari ki ga ko alamomin suna nan ko sun narke cikin juna. Ki ƙanƙanta su kamar hoton fuskar WhatsApp. Wanda kika gane daga nesa shi ne naki, sauran biyar ki ajiye su.

Kuma tunda da ibisPaint kike aiki, manhajar tana naɗar bidiyon zanenki tun daga layin farko. Kada ki goge shi don neman fili a waya. Ki adana shi tare da shafin nan na guda shida da hotunan dabbobin da kika duba. Ranar da wani ya sake kiranki ɓarauniya, bidiyon kawai za ki tura masa.