Sandar kwanan kaji: katako, gora ko bututun ƙarfe?

Tambaya daga wata uwargida a Ƙofar Sauri, Katsina: Na sa an gina mini akurki mai faɗin ƙafa 6 a bayan gida, kajin Hausa 12 ne da ni har da zakara. Kafinta ya ce katako za a sa musu na hawa, maigida kuma ya ce akwai ragowar bututun ƙarfe da gora a gida, kada a ɓata kuɗi. Wanne zan ɗauka?

Hajiya, ki bi maganar kafinta. Kaza ba ta damƙe sanda kamar kurciya ko tsuntsun daji. Shimfiɗa ƙafa take yi ta kwanta a kai, gashin cikinta ya rufe yatsun. Bututun ƙarfe santsi ne da shi, ga zafi a bazara in rufin kwano ne, ga sanyin hunturu da yake riƙewa har asuba. Gora kuwa in ta bushe tsagewa take, tsagar ta kama farce, ramin cikinta ya zama gidan ƙwari.

Ki sayi katakon da masu sayarwa ke kira tu-bai-tu, wato inci 2 kowane gefe. A goge shi da samfefa, a ɗan kashe kaifin gefunan sama, amma kada a mayar da shi mulmulalle. Kowace kaza na son wurin inci 10, kaji 12 ke nan ƙafa 10. Katako ɗaya mai tsawon ƙafa 12 ya ishe ki, a raba shi biyu, a gitta su daga bango zuwa bango. Ragowar ƙafa 2 ɗin ba asara ba ce, don a watan Afrilu kaji buɗe fukafukai suke yi suna haki, ba mai son wata ta raɓe ta.

Sandar farko ta bar bango da ƙafa 1, kada jela ta riƙa gogar gini. Tsakanin sandunan biyu a bar inci 14 zuwa 16. Tsayi daga ƙasa ƙafa 2. Duka biyun su zama tsayinsu ɗaya. In ɗaya ta fi, kowa can zai nufa, kullum magariba sai an yi saran juna, kuma na sama su yi wa na ƙasa kashi a baya. Idan akwai reshen bedi miƙaƙƙe mai kaurin tsintsiyar hannu, shi ma ya yi, a dai ɓare ɓawon a bar shi ya bushe.

Tambaya daga wani mai kiwo a Daura: Noiler nake da su, wato irin kajin da ake kiwo don nama da ƙwai. Na ɗaga musu sanda har ƙirjina saboda ɓera. Yanzu biyu na ɗingishi, wasu kuma a kwandon ƙwai suke kwana.

Malam, tsayin ne ya yi yawa. Noiler ta fi kazar Hausa nauyi nesa ba kusa ba, kullum safiya kuwa da wannan nauyin take dira kan siminti. Ka juya ƙafar masu ɗingishin ka duba tafin. In ka ga kumburi da baƙin ɓawo a tsakiya, rauni ne da ƙwayar cuta ta shiga, sai ka nemi likitan dabbobi kafin ya taru da mugunya. Sauke sandar zuwa inci 12 ko 18, ka canza ta da tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, faffaɗan gefen yana kallon sama. Ƙarƙashi a zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin inci 3.

Tsayi ba ya hana ɓera, bango yake bi. Toshe ramuka da siminti, ka sa wayar raga mai ƙananan idanu a taga, ka kwashe abinci da dare.

Masu kwana a kwandon ƙwai kuwa, ko dai sun kasa hawa, ko kwandon ya fi musu sauƙi. Bayan ka sauke sandar, ka tabbata kwandon yana ƙasa da ita. Ka riƙa kife shi da la'asar sakaliya, in duhu ya yi ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ka ɗora a sanda. Mako guda yawanci ya isa su saba.

Tambaya daga Ƙofar Marusa: Kajina sun ƙaurace wa akurki, kan katanga suke kwana, sun rame, ƙwai ya ragu.

Ka ɗauki tocila bayan isha'i, ka goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar da inda ta haɗu da bango. In ka ga jan ɗigo, ƙuma ce ko kaskar kaji. Da rana ɓuya suke a tsagar katako da ta bangon ƙasa, da dare su fito shan jini, shi ya sa in ka duba jikin kaza da rana ba lallai ka ga komai ba.

Nan ne kuskuren yawancin kafintoci: su buga sandar da ƙusa ta zauna daram. Maimakon haka a kafa ɗan guntun katako mai gurbi a kowane bango, sandar ta zauna a ciki, a iya ɗage ta da hannu ɗaya. Duk Juma'a biyu a fitar, a kankare kashin, a zuba mata tafasasshen ruwa, a shanya ta a rana. A yaɓe tsagogin bango, a shafa farar ƙasa. Maganin feshi kuwa a tambayi likitan dabbobi wanda ya dace da masu ƙwai, a fitar da kajin kafin a fesa, a maimaita bayan kwana 7 saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe.

Kada ƙafar katako ta taɓa ƙasa, gara ba ta jira. Ka kuma shimfiɗa tsohon kwano ko buhu a ƙarƙashin sandar, don kashin dare yawa ne da shi. Ka riƙa kwashewa da safe kana tarawa a buhu a inuwa, masu lambu na nemansa.