Amsa kan tambayar ko wane ne Banister Fletcher

Ɗan'uwa, ka tambayi wane ne Fletcher ɗin da malamanku na zanen gine-gine ke yawan ambata. Su biyu ne, uba da ɗa, sunansu ɗaya. Wanda aka fi nufi shi ne ɗan, an haife shi a Landan a 1866, ya rasu a 1953.

Tare da mahaifinsa suka fitar da littafin tarihin gine-gine a 1896, shi kuma ya ci gaba da sabunta shi har ƙarshen rayuwarsa. Ƙarfin littafin yana cikin zane-zanensa: yakan jera gine-gine kusa da juna, ya nuna yadda yanayin ƙasa, addini da kayan gini suka sa kowanne ya ɗauki siffarsa. Fletcher ya kuma yi aikin zanen gine-gine da kansa, shi ya zana masana'antar Gillette da ke yammacin Landan, kuma ya shugabanci RIBA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, daga 1929 zuwa 1931.

Sai dai ka karanta da lura. A tsofaffin bugu ya ware gine-ginen Indiya, Sin, Japan da na Musulmi, ya ce wai ba su da tarihin cigaba irin na Turai. Wannan rashin adalci ne ƙarara. In za ka samu, nemi bugu na 21 na 2019, an sake rubuta shi gaba ɗaya.