Kafin ka sa kuɗin tallafi da lauyan kyauta a lissafin zuwa Birtaniya

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce kana shirin zuwa Ingila yin digiri na biyu, kana son tahowa da iyali, kuma an faɗa maka gwamnati a nan tana biyan kuɗin yara da tallafin masu ƙaramin albashi da ake kira Tax Credit, in mutum ya shiga matsala kuma a ba shi lauya kyauta. Ka tambaya ko haka ne, da kuma inda ake kai kuka idan hukuma ta yi wa mutum ba daidai ba.

Ka cire kuɗin nan daga lissafinka tun yau. Da farko dai shirin Tax Credit babu shi yanzu. An fara shi a Afrilun 2003 lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, kashi biyu, na masu aiki da na masu yara, aka rufe shi ranar 5 ga Afrilu, 2025. Universal Credit ne ya gaje shi, kuma yana hannun ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP. Na biyu, ko da yana nan, ba naka ba ne. Bizar ɗalibi da ta ma'aikaci duk suna zuwa da sharaɗin cewa ba ka da hakki a kuɗin tallafin jama'a. Sharaɗin ya haɗa da Universal Credit, kuɗin yara, tallafin haya da gidajen ƙaramar hukuma. Wanda ya karɓa alhali sharaɗin yana kansa ya karya dokar biza, ana iya soke ta, kuma laifin zai fito duk ranar da ya je neman sabuntawa ko takardar zaman dindindin. Kada wani ya cika maka fom ya ce "ai kowa ma yana yi". Sunanka ne a kai, shi kuwa babu abin da zai same shi.

Batun iyali ma ya canja. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya tahowa da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Abin da ya halatta gare ka shi ne asibiti, domin ka riga ka biya kuɗinsa tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, sai makarantar gwamnati ga yaran da ke nan bisa ƙa'ida, da albashin jinya ko na haihuwa da wanda ya ɗauke ka aiki ke biya. Ɗalibi na cikakken lokaci kuma ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya kai takardar shaida daga jami'a.

Yanzu ga abin da ya sa nake son ka san tarihin Tax Credit duk da ya wuce. Shi ne zai nuna maka yadda hukumar ƙasar nan take yin kuskure, da irin mutumin da ke tsira idan ta yi.

An gina shirin ne a kan ƙiyasi. Hukumar haraji, HMRC, tana duba abin da iyali suka samu bara, ta yanka musu na bana, sai ƙarshen shekara a zauna a daidaita. Wanda albashinsa ya ƙaru a tsakiyar shekara, ko ya yi aure, ko yaro ya bar makaranta, bai sanar da wuri ba, sai ya wayi gari ana bin sa bashin kuɗin da ya riga ya ci. A shekarar farko kaɗai an biya fiye da ƙima da kusan fam biliyan 2, kuma akwai waɗanda har yau ana cire musu tsohon bashin nan daga Universal Credit.

A 2014 HMRC ta ba wani kamfanin Amurka mai suna Concentrix kwangilar zaƙulo masu cuta da masu kuskure, kuma aka ɗaura ladansa a kan yawan kuɗin da ya ceto. Ka san halin ɗan kamasho a tasha, cika mota ce gabansa, ko ina fasinja zai sauka ba ruwansa. Kamfanin yana duba bayanan bashi da na adireshi, idan ya ga sunan wani namiji a gidan matar da ta ce ita kaɗai take riƙe da yara, sai ya aika mata wasiƙa ta kawo hujja cikin kwana 30. In ba a ga amsa ba a tsayar da kuɗin. Da yawa sunan tsohon ɗan haya ne, ko ɗan'uwa, har da mamaci. Wasu ma wasiƙar ba ta iso musu ba. A Agustan 2016 layukan wayar kamfanin suka cushe, uwa ta ga kuɗin abincin yara bai shigo ba, ta kira ta kira babu mai ɗauka. Mutane suka koma karɓar abincin sadaka, suka yi ta tururuwa ofisoshin 'yan majalisarsu.

Daga nan ne aka fara tuhuma. 'Yan majalisa suka tayar da maganar, a Satumba HMRC ta ce ba za ta sabunta kwangilar ba, a Nuwamba aka yanke ta tun wa'adinta bai cika ba, hukumar ta karɓi fayil 181,000 ta ƙarasa da ma'aikatanta. A Janairun 2017 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, NAO, ya fitar da rahoto: an yi tsammanin ceto fam biliyan 1, abin da aka ceto bai wuce fam miliyan 193 ba. Wannan ofishi majalisa yake yi wa aiki, minista ba ya iya ba shi umarni. Rahotonsa yana zuwa kwamitin binciken kuɗin jama'a, wanda bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa, a kira babban sakataren ma'aikata ya zauna gaban kyamara ya amsa tambaya. Wannan tsari na gaske ne, kuma yana da haƙora. Sai dai ka lura da lokaci: an tsayar da kuɗin mutane a Agusta, rahoto ya fito a Janairu. Tsakanin nan kuɗin haya bai jira kowa ba. Waɗanda aka mayar wa hakkinsu da wuri su ne masu takarda a hannu, yarjejeniyar haya, takardar banki, takardar wuta da ruwa, kuma suka nemi a sake duba hukuncin kafin wa'adi ya ƙare.

Kai ba za ka karɓi tallafi ba, amma da HMRC za ka yi hulɗa tun albashinka na farko. Ɗalibi yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa, wato fam 244.20 a mako ga mai awa 20. Fam 12,570 na farko a shekara babu harajin kuɗin shiga a kai, abin da ya haura a Ingila ana cire kashi 20 cikin 100, inshorar ƙasa kuma kashi 8 cikin 100 na abin da ya haura fam 242 a mako. Ka ga kenan mai awa 20 kusan ba abin da ya kamata a cire masa. Idan ka ga an zaftare maka kashi ɗaya cikin biyar, duba lambar haraji a takardar albashi. Ta yawancin mutane 1257L ce. In ka ga BR ko 0T, ana cire maka tun daga fam na farko, kuma galibi dalilin shi ne ba ka cika fom ɗin sabon ma'aikaci daidai ba, ko an ɗauka kana da aiki biyu. Gyaran kyauta ne ta manhajar HMRC ko ta waya, kuma ana iya neman rarar har ta shekara huɗu baya. Kamfanonin da ke tallar za su karɓo maka suna cin kaso mai tsoka a aikin da za ka yi da kanka. Saƙon tes da ke cewa danna nan ka karɓi rarar haraji kuwa damfara ce. Ka adana kowace takardar albashi, da P45 da ake ba ka in ka bar aiki, da P60 na ƙarshen shekarar haraji, wadda ke ƙarewa 5 ga Afrilu.

Sai lauyan kyauta. Nan ne abin ya fi ba ni takaici, domin mutanenmu suna zuwa da labarin da ya tsufa. Dokar da aka yi a 2012, ta fara aiki Afrilun 2013, ta cire yawancin shari'o'in shige da fice, na tallafi, na aiki da na iyali daga tallafin lauya a Ingila da Wales. Abin da ya rage shi ne neman mafaka, tsarewa, safarar mutane, cin zarafi a cikin gida, da wanda ake shirin fitarwa daga gidansa, kuma a yawancinsu sai an auna samunka. Idan jami'a ta janye ɗaukar nauyinka aka gajarta bizarka, yawanci zuwa kwana 60, daga aljihunka za ka biya lauya. Ba tatsuniya ba ce: a 2024, bayan faɗuwar naira, an dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka kuma sanar da ma'aikatar cikin gida. Idan an hana ka bizar ɗalibi ma babu ɗaukaka ƙara a kotu, sai dai ka biya fam 80 ma'aikatar ta sake duba aikinta, cikin kwana 28 in kana waje, kwana 14 in kana cikin ƙasar.

Ma'aikatar shari'a tana cikin waɗanda aka fi yanke wa kasafi bayan 2010. An rufe kusan rabin kotunan majistare, kuma a ƙarshen 2024 manyan shari'o'in laifi fiye da 70,000 ne ke jiran layi. A 2013 aka sa kuɗin shigar da ƙara a kotun ma'aikata, har fam 1,200, ƙararraki suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison ce ta ja da gwamnati har kotun ƙoli, a Yulin 2017 kotun ta ce kuɗin ya saɓa doka domin ya toshe wa talaka hanyar shari'a, aka mayar wa waɗanda suka biya. Shekara huɗu aka ɗauka, kuma wanda ya haƙura da hakkinsa a tsakanin don ba shi da kuɗin shiga, yawanci ya tafi kenan.

Akwai abin da har yanzu kyauta ne, ka riƙe shi da kyau. Duk wanda aka kama aka kai ofishin 'yan sanda yana da hakkin lauya ba tare da biyan ko sisi ba, ko mene ne matsayin bizarsa. Ka nema, ka jira ya zo, kada ka sa hannu a takardar gargaɗi don kawai a sallame ka da wuri, domin amsa laifi ce, kuma tana iya fitowa a neman biza. Idan mai aiki ya danne maka albashi, shigar da ƙara kyauta ne, amma sai ka fara bi ta hukumar sulhu ta Acas, kuma ka ɗauka wa'adinka wata uku ne, a cire kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru. Shawara kyauta tana nan a ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka. Mai ba da shawarar biza don kuɗi dole ya zama lauya mai rajista ko yana cikin rajistar hukumar IAA, wadda a da ake kira OISC. Duba sunansa a intanet kafin ka ba shi fasfo, ko da a masallaci aka haɗa ku.

Idan HMRC ce ta ɓata maka, matakan a jere suke. Ka rubuta ƙorafi, in amsar ba ta gamsar ba ka nemi wani jami'i ya sake dubawa, daga nan sai ofishin mai shiga tsakani da ake kira Adjudicator, na ƙarshe kuma mai karɓar koke na majalisa, wanda sai ta hannun ɗan majalisa ake isa gare shi. Duk kiran da ka yi, rubuta rana, lokaci, sunan wanda ya amsa da lambar fayil, sannan ka bi shi da wasiƙa ko imel. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, damar tambayar hukuma yadda ta kashe kuɗi, kuma ta amsa cikin kwanakin aiki 20.

Ɗan majalisar mazaɓar da kake zaune yana sauraron mazauna yankin ko ba su da ƙuri'a, ofishinsa kuma yana da hanyar tuntuɓar HMRC da ma'aikatar cikin gida wadda kai ba ka da ita. Ɗan Najeriya, Gana ko Kamaru mai halaltacciyar biza yana da ƙuri'ar ma, a matsayinsa na ɗan ƙasar Commonwealth, har a zaɓen majalisar ƙasa. Ɗan Nijar ko Chadi ba shi da wannan a Ingila. Rajistar a shafin gov.uk ake yi, za a tambaye ka adireshi da lambar inshorar ƙasa, don haka ka nemi lambar a makon da ka sauka.

Kuɗin da za a ce ka nuna a banki wajen neman biza na tsawon kwana 28 a jere, a farkon 2025 fam 1,483 ne a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,136 a wajenta, na wata tara, kuma ana ƙara shi, saboda haka duba adadin ranar da za ka nema. Ka tabbata kuɗin naka ne na ci da haya, ba aro aka yi don a nuna ba. A kansa kuma ka ware wani abu daban wanda ba za a taɓa ba sai ranar da aka buƙaci lauya ko tikitin komawa gida. Allah ya sa a zo a sa'a, a gai da iyali.