Injin goge jikin jirgin ruwa, wanne ya kamata ka saya?

Malam, ka ce jirginka na fayiba ne, jikinsa ya dushe, in ka shafa hannu farin gari kamar alli yake biyo tafinka, kana tambaya ko injin da kake goge mota da shi zai yi. Gaskiya in ƙaramin nan ne mai karkarwa ba zai kai ka ko'ina ba, jelkot ɗin jirgi, wato shafen nan mai sheƙi da ke saman fayibar, ya fi fentin mota kauri da tauri, haka za ka wuni kana zufa aikin bai fito ba.

Nemi mai juyawa kai tsaye wanda ake rage masa gudu, irin Makita 9237C ko DeWalt DWP849X, dukkansu suna ɗaukar faifai inci 7 kuma suna sauka har juyi 600 a minti. Ni na fi son Makita, amma dukkansu a hankali suke tashi, ba sa watsa maka man gogewa a fuska. Sa masa soson ulu, ka tsaya wajen juyi 1200 zuwa 1500, kar ka bar shi waje ɗaya musamman a kusurwa don zafi yana ƙona jelkot nan take, kuma nauyin injin ya kai kilo 3 ka ga a gefen jirgi kafaɗa za ta ji jiki, bi shi kaɗan-kaɗan.

In dushewar ta yi yawa fara da sanfefa mai lamba 1000 da ruwa tukuna. Kuma don Allah ka fito da jirgin tudu, wayar lantarki a bakin ruwa ba abin wasa ba ce.