Nas da ke tara sallolinta sai ta tashi aiki

Tambaya: Malam, ni nas ce a wani asibiti a Jidda, sashen masu ciwo mai tsanani. Muna shiga bakwai na safe, sai bakwai na yamma. Wata 'yar'uwa ta ce in tara sallolin in rama a gida, tunda Annabi (SAW) ya jinkirta La'asar ranar yaƙin Khandaƙ. Gajiya ta yi min yawa, makon jiya saura kaɗan in sa wa wani tsoho allurar maƙwabcinsa.

Amsa: 'Yata, Allah Ya saka miki da alheri kan wannan hidima. Hukuncin ya rataya ne a kan abu ɗaya da ba ki faɗa ba: akwai wadda za ta riƙe miki marasa lafiya na minti biyar? In akwai, kowace salla a lokacinta. In babu, kuma tashinki zai cutar da mai jinya, ki haɗa Azahar da La'asar a lokacin ɗayarsu, saboda hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko tafiya ba, kuma malaman mazhabar Hanbaliyya sun faɗaɗa a nan. Ranar matsi kaɗai. Ƙasaru babu, ke mazauniya ce.

Maganar 'yar'uwarki kuwa ba ta tsaya ba. An yi Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, kuma mafi yawan malamai suna ganin jinkirin ya faru ne kafin a shar'anta sallar tsoro. Da aya ta 102 ta Suratun Nisa'i ta sauka, mayaƙi da makami a jikinsa ma an koya masa yadda zai yi salla cikin lokaci, aya ta gaba ta ce salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci. To in filin daga bai ɗage lokaci ba, ta yaya jadawalin asibiti zai ɗage shi? Sannan abin da ya faru ranar Khandaƙ tilas ce ta auko, ba tsari ne da aka kwana da niyyarsa ba. 'Yar'uwarki kuwa tana so ki mayar da shi al'ada. La'asar ba ta haɗuwa da Magariba ko a wurin wa.

Amma allurar nan ta fi tsaya min a rai. Gajiyar da ta kai ki ga haka ta wuce a ce miki "yi haƙuri". Ki sanar da shugabar sashenku abin da ya faru, a rubuce, ki nemi a rage miki kwanakin da kike jerawa. Ɓoyewa cin amanar wanda ke kwance ne. In kina azumin Litinin da Alhamis, ki ajiye shi tukuna. Jikinki yana da hakki a kanki. Ki shiga aiki da alwala, ki kashe waya in kin koma gida, ki yi barci. Kuɗin ƙarin awanni da kike turawa gida bai kai ran tsohon nan ba.

Wallahu a'alam.