Ƙanena, ga amsar tambayarka kan dayari da IELTS

Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Kai ne na huɗu a watan nan da ya min tambayar nan, wai an ce maka in kana rubuta dayari da Turanci kullum rubutunka zai gyaru kafin IELTS, jarrabawar Turancin nan da jami'o'in waje ke nema. Eh zai gyaru, amma ba irin dayarin da kake nufi ba, don ni irinsa na yi kuma na sha ƙasa.

Wata uku cur ina cika littafi kafin zamana na farko. Na tashi, na yi wanka, na fita, na dawo a gajiye, gobe ma haka, kalmomin nan dai nake ta jujjuyawa ina jin kaina wani Bature. Da sakamako ya fito sauraro 7.5, karatu 7, magana 7, rubutu 5.5. Jami'ar da nake nema a nan Ingila tana son 6.5 gaba ɗaya kuma kada ɓangare ko ɗaya ya gaza 6, rabin maki ya ja min asarar shekara guda. Wallahi daren nan ban runtsa ba, ni da ake kawo wa wasiƙa in gyara!

Ka gane, ba wanda zai tambaye ka yadda ka wuni. A ɓangaren rubutu minti 60 za a ba ka, aiki biyu. Na farko a ajiye maka jadawali ko zanen alƙaluma ka bayyana shi da kalma 150 ko fiye, na biyu insha'i ne na aƙalla kalma 250 kan wata muhawara, kuma makinsa ya ninka na farkon. Abin da suke dubawa huɗu ne, ko ka amsa abin da aka tambaya, ko zancenka na bin juna, yawan kalmominka, sai nahawu.

To sai na canza salo. Kullum in ɗauki abu ɗaya da ya faru da ni in mai da shi gardama. Ranar da na yi tsayuwar jiran bas har ƙafata ta sage, da dare na zauna na rubuta ko gwamnati ta zuba kuɗi a motocin haya ko a faɗaɗa tituna, na kawo hujjar kowane ɓangare sannan na faɗi inda na tsaya. Agogo a gabana, minti 40 na cika in ajiye biro ko a tsakiyar jimla nake. Kuma don Allah kada ka rubuta a waya, ita ke gyara maka kuskure kai kana ta murna. In a kwamfuta za ka zana, saba da kibod tun yanzu ka kashe mai gyaran.

Inda aikin yake shi ne bayan kwana biyu, in dawo da jan biro in karanta kamar maƙiyina ne ya rubuta. A bayan littafin na ware shafi na kurakuraina, kusan kullum su ne dai, in manta "the", in bar "s" a ƙarshen aikatau, sai kuma jimla mai tsawon igiyar guga da nake ta ɗaurawa da "and" yadda muke yi da "sai" da "kuma", kamar dai yadda nake maka yanzu, a Hausa ya wuce, can kuwa maki ne ke zubewa.

Ka yi hattara da masu koyarwa a intanet. Wani ya karɓe min kuɗi ya turo min jimlolin hadda wai in liƙa a kowace amsa, alhali masu makin sun san hadda da gani. Zama na biyu ba hadda ko ɗaya na samu 7 a rubutu.

Kada kuma ka yi gaggawar zanawa, sakamakon shekara biyu kawai yake aiki. Sannan ba kullum za ka riƙa turo min ba fa, ni ma da nawa a gabana. Ɗaya a sati, ran Lahadi, ka ɗauki hoton shafin da gogensa da komai, ka rubuta min a sama minti nawa ka ɗauka.