Kafin ki buga takardun tambayoyin nan, je ki zauna a bayan aji

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya: kina digiri na biyu a fannin nazarin koyon harshe, kina so kundinki ya gano abin da ya sa yaran firamare a Kebbi ba sa iya Turanci, kin kuma tsara takardun tambayoyi da za ki raba wa malamai, kina neman mai duba miki. Zan duba in sha Allahu. Amma bari in ba ki labarin yadda ta kaya da ni, don ni ma ta wannan ƙofa na shiga.

Na raba nawa takardun a makarantu daga Argungu har Kamba. Da suka dawo, kusan kowane malami ya zaɓi "da Turanci nake koyarwa koyaushe". A wata makaranta ma duk takardun da biro ɗaya aka cika su, hannu ɗaya, kuskure iri ɗaya. Ranar da na samu benci na zauna a bayan wani aji huɗu, sai na ga malam yana karanta jimla da Turanci, ya fassara da Hausa, ya yi bayani da Ingausa, yara su amsa "yes" baki ɗaya ko sun gane ko ba su gane ba. Ba na ganin laifinsa. Baƙo ya zo da takarda da biro, ai ɗauka zai yi daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, aka turo shi, sai ya rubuta abin da ba zai jawo masa magana ba. Masanin harshe William Labov ya yi maganar wannan tun 1972: muna son jin yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido, alhali sai mun sa ido za mu ji. Maganinsa yawan zuwa. Sai da na yi mako biyu ina zaman bencin nan kafin malam ya manta da ni.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne babi na ɗaya na kundina, inda na rubuta cewa Hausa ce harshen uwar duk yaran. A Kebbi! Jihar da ke da Dakarkari masu harshen C'lela a ƙasar Zuru, Kambari da Gungawa a Yawuri, Dandawa da Zabarmawa wajen Kamba, ga Fulani ko'ina. Wata yarinya ce ta farkar da ni. Na ce ta ba ni labarin gidansu, ta ce "inna ya tafi kasuwa". Na buɗe littafinta na Turanci, sai ga "he" da "she" a cakuɗe. A gidansu Zabarmanci ake yi, shi kuwa bai raba namiji da mace a wakilin suna, haka ma Fillanci. Ɗan Bahaushe da ya tashi da "ya" da "ta" bai cika faɗawa wannan rami ba. Ita Turanci harshenta na uku ne, kuma ta Hausar da ba ta gama ƙwarewa a kai ba ake koya mata shi. Da na bi abin da na rubuta, da na ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba. Saboda haka tambayarki ta farko ga kowane yaro ita ce: da wane harshe kake magana da mahaifiyarka?

Ko Hausar ma ki kula. Littattafan karatu da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi kusa da Kananci, yaronmu kuwa "hwara" yake cewa, da "tahi", da "wanga". In ya ga "fara" ya karanta "hwara", ya karanta daidai, karin harshensa ne ya fito. Kada ki ba shi sifili.

A babin bitar ayyukan magabata za ki haɗu da Robert Lado, wanda a 1957 ya ce in an kwatanta harshen uwa da wanda ake koyo za a iya hasashen inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Akwai gaskiya a ciki, musamman a furuci. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa "bread" ya zama burodi, kuma rikicin p da f sananne ne. To amma yaron da ya rubuta "goed" maimakon "went" fa? Babu Hausa a nan, ƙa'idar "ed" ya koya ya shimfiɗa ta ko'ina, kuma yaran Ingila ma suna yin haka. Wannan ne Pit Corder ya nuna a 1967, cewa kuskure shaida ce ta inda koyo ya kai, Larry Selinker kuma a 1972 ya kira irin wannan harshe na mai koyo harshen tsakani. Duk wannan ba za ki gan shi a takardar tambayoyi ba. Yana cikin littattafan rubutun yara, waɗanda ke jibge a teburin malam babu mai tambayarsu.

Shawarata, ki gwada karatunsu na Hausa kafin na Turanci. Na sha ganin yaron da aka ce bai iya Turanci ba, ashe ko "gida" bai iya haɗawa ba, matsalarsa karatu ce baki ɗaya. Wani kuma yana karanta allonsa tiryan-tiryan, boko ne bai shige shi ba. Nemi rahotannin shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, wato RANA da aka yi a Zamfara da Katsina, da Mu Karanta na Sakkwato da Bauci, ki ga yadda suka auna karatun ƙananan azuzuwa. Ki karanta kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, na koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida.

Ki riƙa sa shekara a duk inda kika ambaci manufar gwamnati, don ta sha juyawa. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin. A 2022 aka amince ya kai duk shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Mai jarraba kundinki zai tambaye ki a ƙarƙashin wanne kika tattara bayananki.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da mutum. Karɓi wasiƙa daga sashenku, ki bi ta SUBEB da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin ki isa wurin hedimasta. Kada ki naɗi muryar yaro sai da yardar iyayensa, kuma ki ɓoye sunaye. Guji ranar kasuwa da lokacin girbi, za ki tarar da rabin aji. Wayar da za ki yi naɗi da ita kuma kusa da malam za ki ajiye ta. Ni na taɓa naɗar darasi guda cur ana ruwa a kan kwano, na dawo gida ba abin da nake ji sai ruwan. Juyar da naɗin awa ɗaya zuwa rubutu yakan ci mini yini guda, don haka makaranta biyu ko uku sun ishe ki, a ƙaramar hukuma ɗaya, aji ɗaya.

Turo takardun naki, ba za mu zubar da su ba, za mu rage su su zama hira da malamai bayan kin gama zaman aji. Ki faɗa mini kuma ƙaramar hukumar da kika zaɓa, don in Zuru ce, sai kin nemi mai jin C'lela da zai riƙa raka ki.